Babu Baba a Kwalbar Auta

Shekara ashirin da biyu ina leƙen ƙwayoyin cuta a ɗakin gwajin asibitin ido, ban samu komai ba sai ciwon wuya da tabarau. Rana ɗaya aka sauke wani inji da bai kai ƙaramin firij ba, sai ga asibiti kaf ya taso kallo, har da mai gadi. Aka raba mini ɗaki biyu da gilashi. Ɓangaren da taga take aka ba injin, aka sa masa na'urar sanyi, aka liƙa takarda a ƙofar wai ba a shiga sai da takalmi na musamman. Ni aka bar ni da fanka mai kukan tsohuwar akuya. Kuma wa aka ɗora a kan injin? Auta. Ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda na goya a bayana tun ranar da Allah ya karɓi mahaifiyarmu.

Bari in faɗi aikin, don a san inda aka taɓa ni. Idan mutum ya zo da gyambo a baƙin idonsa, Likita yakan kankaro abin da ke kai da 'yar aska, ɗan mitsitsi da bai kai ƙwayar gishiri ba. Ni zan shafa shi a gilashi, in rina, in leƙa a madubina mai bututu biyu. Saura in shafa a faranti mai abincin ƙwayoyin, in sa a akwatin ɗumi, in jira su tsiro. Wasu kwana biyu, wasu sai sun yi mako suna jan aji. Sai an san ko bakteriya ce ko funfuna kafin a san maganin da za a ɗiga, don maganin wannan ba ya taɓa wancan.

Injin Auta ba ya jiran kowa. Kowace halitta da tambarinta a cikinta, shi ne DNA ɗin da ake faɗa. A jefa ɗan kankaron a 'yar kwalba mai ruwa, injin ya nemo tambarin, ya yi ta riɓanya shi har ya isa karantawa. A kai da safe, kafin a tashi aiki ya faɗi sunan cutar. Na san abin yana da kyau. Wallahi na sani. Abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Da, Likita yakan leƙo ya ce, "Anti, me idonki ya ce?" Yanzu sai ya wuce ni da "Anti, an tashi lafiya?" bai ma jira amsa ba ya je yana ƙwanƙwasa gilashin Auta. Yarinyar da ni na koya mata riƙon gilashi ba tare da ta bar shatin yatsa ba! Ita kuma, don ta ƙara ƙona ni, ko sau ɗaya ba ta taɓa ɗaga mini kai ba. Kullum "Yaya, ga shayi", "Yaya, zo ki ga yadda yake yi". Da ta yi girman kai da na samu abin kamawa.

Na asibiti mai sauƙi ne. Na gida ne ya fi zafi.

Babanmu tela ne, shagonsa a jikin gida yake, keken ɗinkinsa ya girme ni. Idonsa na hagu tun yana saurayi ya dushe, haske da inuwa kawai yake rabewa da shi. Da na dama ya ciyar da mu, kuma har ya haura saba'in yana zura zare a allura ba tabarau, yana yi mana dariya mu masu karatu. Duk wanda ya zo awo sai ya sha labari.

"Autata ai yanzu inji take tuƙawa. Ya leƙa cikin cuta ya kira ta da sunanta."

"To babbar fa?"

"Yayarsu? Tana nan, tana leƙe-leƙenta."

Da kunnena na ji, ina tsakar gida ina shanya. Leƙe-leƙe! A makon ya ɗinka wa Auta sabuwar farar rigar aiki, ya yi mata ɗan ado da shuɗin zare a bakin aljihu. Tawa kuwa ya karɓa ya canza mata maɓalli biyu ya miƙo mini, wai ai da sauranta. Na yi godiya, na shiga ɗaki na jefa ta bayan ƙofa. Mace mai shekara arba'in da shida, da 'ya'ya uku, tana kishin shuɗin zare. Ban ji kunya ba a lokacin, haushi kawai nake ji.

Ana nan sai reshen lemun tsakar gida ya fyaɗe Baba a ido yana sassabe. Idon dama. Bai faɗa wa kowa ba. 'Ya'yansa biyu a asibitin ido, amma ya tafi kemis ya sayo maganin ɗigawa, kwana huɗu yana fama a ɓoye. Rana ta biyar na shiga shagon da safe na tarar da shi a zaune, keke a rufe, ya dafe ido da ƙyalle, hawaye na bin gemunsa. Da na ɗaga fatar idon sai na ga wani farin tabo a tsakiyar baƙin.

"Haba Baba! Haba Baba!"

"Ɗan haki ne, Yayarsu. Kar ki tayar wa Auta hankali."

Ko a nan ma Auta.

Likita ya daɗe yana duba shi. Daga baya ya ja mu gefe, ni da ita.

"Gyambon ya yi zurfi, wurin ya yi siriri. Sau uku zan kankara, ba zan ƙara ba, kar ya huje. Tunda an riga an ɗiga masa magani, faranti zai iya ƙin nuna komai. Na farko a sa a kwalba. Anti, ke za ki riƙe tiren kayan aiki?"

"Wa ya saba riƙewa?" na ce.

Wanda bai yi aikin ba bai san wannan ba: kankaron farko shi ne mai albarka. Na biyu rabi ne. Na uku sau da yawa askar ce kawai da ɗan danshi. Shekara ashirin da biyu, kankaron farko nawa ne. Tun zuwan injin aka juya tsarin, ni nake karɓar saura.

Aka zaunar da Baba, ya ɗora haɓarsa a kan ƙarfen na'urar duba ido, aka ɗiga masa maganin kashe zafi. Auta ta tsaya a bayansa ta tallafe masa kai da hannu biyu, ta kawar da fuskarta bango, don ba za ta iya kallo ba. Likita kuwa idonsa na cikin na'ura. In ya kankara sai ya miƙo askar ta gefe ba tare da ya waiwayo ba, in karɓa in ba shi sabuwa. Haka muka saba.

"Auta, kina nan?" in ji Baba.

"Ina nan, Baba."

"To, injin naki zai gani ko?"

"Zai gani, in Allah ya so. Kar ka motsa."

Askar farko ta iso hannuna. Ina ganin ɗan farin abin a bakinta, mai kauri, irin wanda ake so. Kwalbar na nan a buɗe a hannun hagu na tiren. Ba zan ce Shaiɗan ba, ba zan ce hannuna ya saba ba, ko da yake duka biyun na faɗa wa kaina daga baya. Da sanina na shafa shi a gilashina. Na biyu na shafa a faranti. Na uku, da na ɗaga askar a haske ban ga komai a kanta ba, na tsoma ta a kwalbar na kaɗa na rufe.

"An sa?" in ji Likita.

"An sa," na ce.

A raina cewa nake: ni zan gano shi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Yau Baba zai san leƙe-leƙe.

Na rina gilashin na zauna. Reshen itace ne ya buge shi, kuma duk mai wannan aiki ya san rauni daga itace funfuna ake fara zargi. Zarenta nake nema, siraran zare masu rassa. Awa ɗaya da rabi ina bin gilashin layi-layi har idona ya yi ja, ban ga zare ba. Funfuna takan yi haka, ta nutse can ƙasa ta bar saman wayam, ko rinin ya ƙi kama ta. Abin da na gani 'yan ƙwayoyin bakteriya ne masu kamar ɗigo, jefi-jefi. Na san irinsu. Suna zaune a gefen fatar idon kowa, har mai lafiya. Da idon wani ne da na rubuta "ba tabbas". Na ɗauki biro na rubuta bakteriya, na ja layi a ƙasa.

Da yamma Auta ta fito daga ɗakin gilashinta da takarda, fuskarta ba daɗi. Likita ma ya shigo.

"Bai ba da amsa ba," ta ce.

"Ikon Allah," na ce. "Inji guda?"

Ba ta kula ni ba. "Likita, ba cewa ya yi babu cuta ba. Kafin ya nemi tambarin cuta sai ya fara neman na mutumin, don ya tabbatar an ba shi abin dubawa. Ko na mutum bai samu ba." Sai ta juyo ta dube ni, a hankali. "Yaya, babu Baba a cikin kwalbar nan."

Bakina dai bai mutu ba.

"To ni na cinye shi? Abin da aka miƙo mini na sa. In injinki ya yi shaye-shaye ki tambaye shi."

"A sake kankarowa, Likita. Ko sau ɗaya," in ji Auta.

Likita ya dube ta, ya dube ni. Na ga yana aunawa, kuma na san kalma ɗaya daga bakina za ta iya karkatar da shi ko ta ina.

"Ku huje wa tsoho ido don a faranta wa inji rai?" na ce. "Ga amsa a hannu. Da idona na gani. Ko shi ma idon nawa an yi masa ritaya ne ban sani ba?"

"A'a, Anti, wa ya isa," in ji Likita. Ya karɓi takardata. Rabon da ya karɓi takarda daga hannuna da hannu biyu har na manta.

Aka kwantar da Baba, aka shiga ɗiga maganin bakteriya duk awa. Kwana biyu ya ce zafin ya ragu, ni kuwa har wani taku na canza. Na je gaishe shi na tarar yana ba na gadon kusa labari.

"Injin ya rasa, sai da Yayarsu ta sa ido. Tsohuwar zuma ai da ita ake magani."

Daɗi ya kashe ni. Ba zan ɓoye ba, har cikin ƙashina na ji shi. Auta na zaune a bakin gadon tana yanke masa farce, ba ta ɗago ba.

Rana ta huɗu idon ya kumbura, Likita ya dogara da takardata ya ƙara maganin rage kumburi. In bakteriya ce, wannan magani taimako ne. In funfuna ce, taki aka zuba mata. Na san haka, ina tsaye aka rubuta. Na buɗe baki na rufe, don in na ce a dakata sai an tambaye ni dalili.

Kullum da safe nakan buɗe akwatin ɗumi in duba faranti. Rana ta biyar ba komai. Ta shida ba komai. Ta bakwai na ɗaga murfin farantin Baba, sai ga shi a daidai inda na ja askar: wani farin gashi-gashi kamar auduga, ɗan ƙarami, ya yi da'ira.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na zauna a ƙasa da farantin a cinya. Ban san Auta ta fito ba sai da na ga takalmanta na musamman a gabana. Ta sunkuya ta duba. Ta ɗauki ɗan tsinke ta taɓo gashin, ta jefa a kwalba, ta koma ciki. Kafin azahar injin ya kira funfunar da sunanta, har da irin maganin da ya fi kama ta. Abin da zai faɗa ke nan tun ranar farko, da na ba shi abin da aka ce in ba shi.

Da ta fito da takardar ta tsaya a bakin teburina. Ba kowa sai mu biyu da kukan fanka.

"Wanne kika sa mini, Yaya?"

Na ɗauki biro ina jujjuya shi, ta sake tambaya.

"Na uku?"

"Na uku."

Na jira ta zage ni. Na so ta zage ni, ta mare ni ma, in samu in yi kuka da hujja. Sai ta ce, "Me na yi miki?" Muryarta irin ta lokacin da take 'yar shekara biyar in na dake ta a kan laifin da ba nata ba.

"Ba ki yi mini komai ba," na ce. Gaskiyar ke nan, kuma ita ce mafi muni.

Ta kai wa Likita takardar da kanta. Ban san me ta ce masa ba. Na dai san bai sake ba ni tire ba, kuma bai taɓa tambayata ba.

Aka canza magani, aka yi ta fama mako shida, har da allura a cikin idon. Allah ya taimaka idon bai fashe ba, ba a cire shi ba. Amma da gyambon ya warke sai ya bar hakiya fara fat a kan baƙin, daidai tsakiya. Likita ya ce kwana bakwan nan su suka yi ɓarnar. Ya ce wataƙila nan gaba a yi masa dashen baƙin ido, in an samu, in jijiyoyin da suka tsiro a wurin sun bari. Na daɗe a aikin nan, na san ma'anar wataƙila a bakin likita.

Baba ya dawo gida da ido biyu masu ganin haske da inuwa. Bai yarda an rufe shagon ba. Keke dai ya gagara, amma ya ce hannunsa ya san hanyar maɓalli da kalmasa ko a duhu, in dai za a zura masa zare. Sai na ɗauki wannan. Kullum kafin in tafi aiki nakan biya in zura masa allura goma, biyar farin zare biyar baƙi, in soke su a jikin ɗan matashin da ke gefen damansa, fari a sama baƙi a ƙasa. Ba na yawan magana. Shi ma ya saba, in ya ji an taɓa matashin ya san ni ce. Sau uku ina shirya faɗa masa, sau uku ina fitowa da maganata a ciki.

Wata safiya ƙaramin ɗana ya tashi da zazzaɓi, na makara. Na iso ƙofar shagon da sauri, sai na tarar Auta ta riga ni. Tana durƙushe a gefensa cikin farar rigar nan mai shuɗin zare, ta zura tara, tana kan ta goma. Ba ta yi magana ba, don ta ɗauka barci yake, ya jingina da bango ido a rufe. Tana soke allurar a matashi ya laluba ya kamo hannunta.

"Yayarsu," ya ce.

Ta buɗe baki za ta gyara masa, ya riga ta.

"Tsaya, na daɗe ina son in faɗa miki. Na yi miki rashin adalci. Ina ta Auta, Auta, inji, inji, ke kuwa kina gefe ba ki taɓa cewa uffan ba. Da abin ya zo kaina, injin bai ga komai ba. Farantinki ne ya kamo cutar, in ji Likita. Ba don ke ba da yanzu rami ne a fuskata." Ya matse hannun. "Ki yafe mini. Amma kar ki faɗa wa ƙanwarki na ce haka. Yarinya ce, ta yi iya ƙoƙarinta, kar ta ji ba daɗi."

Maganar da na yi shekara da shekaru ina jira ke nan, kalma bayan kalma, har da ƙari.

Auta ta ɗago ta gan ni a bakin ƙofa. Muka dubi juna. Kalma ɗaya ta ishe ta, kuma hakkinta ne, ni kaina da na ce ta faɗa. Sai ta sa ɗaya hannun ta shafa bayan nasa sau biyu, yadda nake yi, ta zare hannunta a hankali. Ta miƙe ta zo ta wuce ta gefena, kafaɗarta ta gogi tawa.

"Yayarsu?" in ji Baba, yana juya fuska wajen hasken ƙofa. "Kin yi shiru. Kin yafe?"

Ya laluba matashin, ya zaro allurar farko, ya kai ta daf da idonsa na dama kamar yadda ya saba yi shekara hamsin. Ya daɗe a haka. Sannan ya sauke ta, ya bi zaren da yatsa.

"Wannan fari ne ko baƙi?"

"Fari ne, Baba," na ce.